Kasuwa, Gwamnati da Haƙƙin Talaka: Matsayin Kiristanci a Kan Jari-Hujja da Gurguzu

Iyayena sarakuna da ardo-ardo, malamanmu na addini, shugabannin ƙungiyoyin makiyaya da na manoma, iyayena mata, malaman makaranta, samari da 'yan mata, barkanku da zuwa. Ina gode wa masu masaukinmu a nan Tenhya da suka shimfiɗa mana tabarma. Ina kuma gode wa waɗanda suka taso daga Tanut, da Belbeji, da Gangara, da rugage na nesa, suka bar dabbobi a hannun yara don su saurari wannan magana. Allah ya saka da alheri.

An nemi in yi bayani a kan abin da addinin Kirista ya ce game da jari-hujja, da gurguzu, da adalci a sha'anin dukiya. Ni Kirista ne, mafi yawanku Musulmi ne, kuma ga malamai nan a gabana waɗanda bakin Musulunci nasu ne. Zan tsaya a kan abin da na sani, in sun ga inda muka haɗu sai su ƙara mana. Kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha, in fari ya zo ba ya tsallake gidan kowa.

Jari-hujja shi ne tsarin da gona, da mota, da masana'anta, da jari suke hannun mutane, kasuwa kuma ita ke yanke farashi. Gurguzu shi ne tsarin da manyan hanyoyin samun dukiya suke hannun jama'a baki ɗaya, galibi ta hannun gwamnati, ita ke tsarawa, ita ke rabawa. Kiristanci bai ɗauki ɗaya daga cikinsu ya ce wannan ne tsarin Allah ba. Ma'auni gare shi da yake auna kowanne, ga shi kuwa: idan muguwar shekara ta wuce, shin talaka ya fito da abin da zai sake tashi da shi, gonarsa, da tunkiyarsa, da hanyarsa zuwa rijiya, ko kuwa an raba shi da su har abada? A kan wannan zan kawo batutuwa biyar.

1. Dukiya amana ce

Tushen maganar yana cikin Littafin Firistoci, sura 25. A can aka koya wa Isra'ilawa cewa ƙasa ta Allah ce, mutum zaman aro yake a kanta, don haka gona ba ta sayuwa har abada. Idan talauci ya raba mutum da gonarsa, danginsa na kusa yana da haƙƙin fanso ta. Idan ba wanda ya iya, to in shekara ta 50 ta zagayo, gona ta koma gidan da ta fito. Kuɗinta ma da yawan girbin da ya rage kafin wannan shekara ake ƙiyasta shi.

Ku lura da abu biyu. Dokar ba ta tattara gonaki ta danƙa wa sarki ba, kowane gida da gonarsa, da iyakarsa, da gadonsa. Ba ta kuma bar wanda ya yi sa'a ya haɗiye gonakin maƙwabta ya bar wa jikokinsa, jikokin wasu su tashi 'yan ƙwadago a ƙasar kakanninsu ba. Mai gurguzu zai ji rabin farko ya ɓata rai, mai jari-hujja zai ji rabin ƙarshe ya gyara zama.

Ƙananan dokokin ma haka suke. An hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, a bar kala don maraya da gwauruwa da baƙo. A Maimaitawar Shari'a, sura 24, an hana mai ba da bashi karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin da shi gida ke ci. An kuma umarci mai aiki ya biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi. Duk wanda ya taɓa yin barema a cikinmu ya san dalili: tiyar daren yau tana cikin kuɗin yinin yau.

Da masana'antu suka cika Turai, ana murƙushe ma'aikata da dogon aiki da ƙaramin lada, Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa Rerum Novarum a 1891. Ya kare haƙƙin mutum na mallakar abinsa, ya ƙi masu cewa a soke mallaka. A wasiƙar nan dai ya ce dole lada ya ishi ma'aikaci rayuwa, ma'aikata suna da haƙƙin kafa ƙungiya, hukuma kuma wajibinta ne ta fi kula da marasa ƙarfi.

2. Kasuwa halal ce, amma tana da iyaka

Ƙasarmu ta Damargu ba ta buƙatar a koya mata darajar ciniki. Tun zamanin kakanni ayari ke saukowa da kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, ya koma da hatsin nan, Abzin da Agadas su ci. Manomi ya sami gishiri, makiyayi ya sami hatsi, mai raƙumi ya sami lada, ba wanda ya tilasta wa kowa. Kiristanci bai ga laifin wannan ba. Manzo Bulus da hannunsa yake ɗinka tantuna don kada ya zama kaya a wuyan jama'a, kuma ya tsawata wa masu ƙin aiki a Tasalonika. John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Metodis a Ingila a ƙarni na 18, ya koya wa mabiyansa su nema da himma, su yi tattali, sannan su bayar da hannu sake.

To ina iyakar? Annabi Amos, wanda shi kansa makiyayi ne daga Tekowa, ya nuna ta tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. A sura 8 ya kai ƙarar 'yan kasuwar da ke rage mudu, su ƙara farashi, su gauraya hatsi da ƙaiƙayi, su mallake talaka a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Littafin Karin Magana, sura 11, ya ce jama'a na tsine wa mai ɓoye hatsi, suna sa wa mai fito da shi albarka. A Luka, sura 12, Yesu ya ba da misalin attajirin da gonarsa ta yi albarka, bai yi tunanin komai ba sai rushe rumbuna ya gina manya, a daren nan kuwa ransa ya fita. Malamanmu za su gaya muku abin da Alƙur'ani ya ce a kan masu tauye mudu, da abin da shari'a ta ce a kan ɓoye abinci.

Iyayena, wannan magana mun gan ta da idonmu. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta biyo baya. Kafin tsakiyar 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya kai jika 30 na sefa a wasu kasuwanni. Hatsi yana nan jibge a rumfuna, abin saye ne babu. Makiyayi kuwa gaba kura baya sayaki: ciyawa ta ƙare, dabba ta rame, kowa ya kawo tasa kasuwa a lokaci ɗaya. Mutum ya ja ragon da a kaka zai sai masa buhu, dillali ya taɓa ƙugu, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya faɗi kuɗin da bai wuce na 'yan tiyoyi ba. Ya sallama don yara na jira. Mako ya zagayo, ya jawo tunkiyar da ke shayarwa. A gida mata suna tsinko anza, su jiƙa, su riƙa canja ruwa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita kafin a ba yara. A watannin farko an dogara da sayarwa a farashi mai rahusa, don gudun dagula kasuwa, rabon abinci kyauta ga jama'a sai a watan Agusta ya kankama. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar.

Ina tambaya: wanda ya sayar da tunkiyarsa ta ƙarshe, za a ce ciniki ya yi da yardarsa? Shaidu sun ji ya ce ya sallama, amma yunwa ce ta yi maganar. Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda ya rayu ƙarƙashin kwaminisanci a Folan kuma ya san ɗacinsa, ya rubuta a Centesimus Annus a 1991 cewa kasuwa hanya ce mai kyau ta biyan buƙatun da ake iya saye, amma akwai buƙatun ɗan Adam da yawa da kasuwa ba ta ganinsu, kuma 'yancin ciniki dole ya zauna cikin doka mai ƙarfi.

3. Gurguzu ya ga ciwon, amma maganinsa yana da haɗari

Masu gurguzu sukan kafa hujja da Ayyukan Manzanni, sura 2 da 4, inda Kiristocin farko a Urushalima suke sayar da kadara su kawo kuɗin a raba, har aka rasa mabuƙaci a cikinsu. Gaskiya ne haka aka yi, kuma abin kunya ne gare mu Kiristocin yau idan muka karanta muka wuce. Sai dai a sura 5 Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma a hannunsa suke bayan ya sayar, laifinsa ƙarya ce. Da son rai aka yi wancan rabo, ba dogari a bakin ƙofa.

Kiristoci da dama sun karkata ga gurguzu saboda tausayin talaka. Julius Nyerere na Tanzaniya, ɗan Katolika mai riƙon addini, ya shelanta tsarin Ujamaa a Arusha a 1967. Ya yaɗa karatu, ya haɗa kan ƙasa. Amma daga 1973 aka shiga kwashe miliyoyin mutane da ƙarfi zuwa sababbin ƙauyuka, noma ya ja baya. A Latin Amurka, Fada Gustavo Gutiérrez na Peru ya fitar da littafinsa kan tauhidin 'yantarwa a 1971, ya nace cewa Allah yana tare da talaka. Fadar Vatikan ta karɓi fifita talaka, amma a 1984 ta yi gargaɗi kan aro aƙidar Karl Marx ta gaba tsakanin aji da aji.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana tattalin arzikin da gwamnati ke ja. A 1962 aka kafa UNCC don ƙungiyoyin gama-kai da SONARA don cinikin gyaɗa, a 1970 aka kafa OPVN don abinci. Niyya mai kyau ce, kuma har gobe buhun OPVN mai rahusa yana ceton gidaje. Amma dattawa za su shaida cewa yawancin ƙungiyoyin can daga sama aka sauko da su, manomi yana kallonsu a matsayin kayan gwamnati. Daga shekarun 1980 kuma iska ta juya, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka ce gwamnati ta janye hannu, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A duka biyun, wa ya zo Damargu ya tambayi mai garke ko mai hauya?

Labarin Yusufu a Littafin Farawa yana da darasi a nan. Kowa ya san yadda ya tara hatsi a shekaru bakwai na ƙoshi ya ceci Masar, wannan ita ce hujjar rumbun tsimi, kuma gwamnatin da ba ta da shi ta yi sakaci. Amma sura 47 ta ci gaba da labarin: mutane suka kawo kuɗinsu har ya ƙare, suka kawo dabbobinsu, daga baya suka miƙa gonakinsu da kawunansu ga Fir'auna. Ban kawo wannan don in aibata bawan Allah ba, rayuka ya ceta. Na kawo shi don mu ga cewa rumbu ɗaya tak a hannu ɗaya tak, na attajiri ne ko na hukuma, yana iya mai da jama'a bayi. Kuma da sarki Ahab ya ƙwace gonar inabin Nabot, annabi Iliya har cikin gonar ya bi shi da hukuncin Allah. Shi ya sa Paparoma Pius na 11 ya kafa ƙa'ida a 1931: abin da iyali, ko ƙauye, ko ƙungiya za su iya yi da kansu, kada babbar hukuma ta karɓe, aikinta ta tallafa musu.

4. Ruwa da ciyawa

Wannan shi ne batun da ya fi shafar Tenhya. Koyarwar Kirista, tun daga malaman farko har zuwa babban taron Vatikan na 2 da ya ƙare a 1965, ita ce Allah ya halicci albarkar ƙasa don dukan mutane, mallakar mutum ɗaya tana zuwa ne a bayan wannan. Annabi Ezekiyel, a sura 34, ya yi magana da harshen makiyaya: ya tuhumi ƙosassun tumaki da suka ci ciyawa mai kyau suka tattake sauran, suka sha ruwa mai tsabta suka dama na baya, suna tunkuɗe raunana da ƙaho.

Kun fi ni sanin cewa da rani mai ruwa shi ke da ciyawa. A al'adar nan, wanda ya haƙa rijiya shi ke fara shayarwa, amma ba ya kore baƙon garke da ƙishi. Ana zama a yi magana, a ba shi kwanaki, ya sha ya wuce. Yau sai ka ga mai kuɗi daga birni ya haƙa rijiyarsa, ya zuba garke mai yawa da makiyayan haya, ya sa wa ruwan kuɗi ko ya hana gaba ɗaya. Bai kafa shinge ba, amma duk ciyawar da ke kewaye ta zama tasa. Wani kuma ya turo amalanke a kwashe busasshiyar ciyawa, a dawo a sayar wa mai dabba ita a bazara.

Dokar ƙasa tana gefen talaka a nan. Dokar watan Mayu na 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana mayar da filin kiwo mallakar mutum ɗaya. Akwai kwamitocin filaye, Kofo, da aka ɗora wa wannan aiki. Dokar da ba a sani ba kuwa ba ta kare kowa, don haka a karanta ta da Hausa, da Fulatanci, da Tamajak, a bakin rijiya.

Ga kuma matatar mai ta SORAZ a ƙasar Ollelewa, cikin gundumar nan ta Tanut. An buɗe ta a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Kamfanin ƙasar da jam'iyyar kwaminis ke mulki ne ya zuba jari don riba, tare da gwamnatinmu. Wannan jari-hujja za a kira shi ko gurguzu? Sunan ba zai shayar da akuya ba. Tambayar da ta dace ita ce nawa ya dawo ya zama rijiya, da asibiti, da aji, kuma jama'a suna da haƙƙin a nuna musu lissafin.

5. Abin da za a yi

Dole in faɗi cewa Kiristoci ba kullum suka bi wannan koyarwa ba. Ƙasashen da ke kiran kansu na Kirista sun yi cinikin bayi, sun yi mulkin mallaka da aikin tilas. Yau ma akwai masu wa'azin da ke gaya wa talaka cewa rashin bangaskiya ne ya talauta shi, su karɓe ɗan abin da ke hannunsa. Littafi Mai Tsarki da kansa yana tuhumarsu.

Amma akwai waɗanda suka bi. A yunwar 368 zuwa 369 a Kaisariya, cikin Turkiyya ta yau, wani malamin Kirista mai suna Basil ya sayar da gadonsa ya ciyar da jama'a, ya matsa wa attajirai suka buɗe rumbuna, daga baya ya gina wurin jinyar marasa lafiya da saukar baƙi. A Jamus, yunwar 1846 zuwa 1847 ta sa wani magajin gari mai tsoron Allah, Raiffeisen, ya haɗa ƙauyawa su samar wa kansu burodi, daga nan asusun bashi na manoma ya samo asali, don a kuɓuta daga masu cin riba. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce majami'u suka jagoranci yunƙurin Jubilee 2000, da hujjar Firistoci 25, mutane fiye da miliyan 20 suka sa hannu a yafe wa ƙasashe matalauta bashi. Nijar ta kammala sharuɗɗan sassaucin bashinta a 2004.

Mafi kyawun misali kuwa a hannunku yake. Bafulatani yana ba ɗan uwansa da ya rasa garke saniya haɓɓanaye, ya sha nononta, ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe 'yan maruƙa, ya mayar da uwar. Mai saniya bai rasa mallakarsa ba, wanda aka ba bai zama maroƙi ba, garke sabo ya tashi. Ba na jin akwai abin da ya fi wannan kusa da ruhin dokar shekara ta 50. Haka asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Haka bankin hatsi da bankin abincin dabbobi idan amintattu ke riƙe da makulli kuma ana karanta lissafi a gaban kowa. Haka warantaji, inda manoma ke ajiye amfaninsu a kaka su karɓi bashi a kansa, su sayar in farashi ya tashi, ribar ta zauna a ƙauye.

Saboda haka ina roƙo. Ɗan kasuwa, ka nemi ribarka, Allah ya sa albarka, amma ka cika tiya, kuma kada ka kulle sito kana jiran kukan yara ya ɗaga farashi. Mai ba da bashi, kada ka karɓi tunkiyar ƙarshe ko gonar ƙarshe. Mai rijiya, ka shayar da baƙo. Masu mulki, ku cika rumbun tsimi tun kaka, ku fito da shi tun kafin dabbobi su faɗi, ku saurari ƙungiyoyin jama'a kafin ku yanke musu shawara. Malamai da fastoci, mu faɗi wannan a gaban mai kuɗi kamar yadda muke faɗinsa a gaban talaka. Ku kuma samari masu karatu, duk tsarin da aka kawo muku da kowane suna, ku tambaya me zai bar wa mai tunkiya biyar idan fari ya wuce.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Yanzu fili naku ne. Duk mai tambaya, ko gyara, ko ƙarin bayani, musamman malamanmu da iyayenmu mata, bismilla.